Fuskar da Za a Sa a Wuta

Ni dai waakye nake sayarwa a bakin titin Nima, wato shinkafa da wake irin tamu ta Zango, kuma ban taɓa zaton wata rana zan tsinci kaina tsakiyar rigimar coci ba. Zakaria mai fenti ne ya jawo mini, shi da rumfarsa da ke manne da tawa kamar tare aka haife su.

Zakaria yana da hannu, wannan ko wanda ba ya son sa ba zai musa ba. Allunan masu aski, rubutun bayan trotro, motocin hayar nan namu, hoton kaza a ƙofar masu sayar da kaji, rabin na unguwannin Nima da Maamobi aikinsa ne. Amma yana da wata nakasa guda: ba ya iya ƙirƙiro fuskar mutum daga kansa. Sai wadda ya zauna ya kalla da idonsa. Shi ya sa kullum da safe yake tare mini benci da fensir da guntun kwali, yana satar fuskokin masu cin abincina. An taɓa sa shi ya zana allon hana zuba shara a kwata, sai ga Wahab mai gyaran fanka ya fito ƙuru-ƙuru da bokiti a hannu yana juyewa. Wahab ya zo yana kumfar baki, ya ce zai kai ƙara. Bai kai ba, don duk layin nan an san bokitin nasa ne.

Zakaria ɗan Zango ne gaba da baya, ɗan marigayiya Mma Hawa, a makarantar allo ɗaya muka yi karatu. Da ya girma sai ya shiga addinin Kirista. Mma Hawa ta yi kuka har ta gode Allah, amma ba ta kore shi ba. Sai da ƙasa ta rufe idonta, yayansa Moro mahauci ya fito masa da kayansa ƙofar gida, ya ce ya je ya nemi danginsa a inda ya samo addininsa. Tun daga ranar ko sallama ba ta haɗa su. In Moro zai wuce ta gaban rumfarmu sai ya tsallaka titi, ya gwammace ya yi kokawa da motoci.

Wani ƙaramin coci a Maamobi ne ya karɓe shi, na Fasto Abugri, wani dogon mutumin Bawku mai magana a hankali. A ɗakin ajiyar kujerunsu ya riƙa kwana kafin ya samu ɗaki. Shi ne kuma tafintansu: Fasto ya faɗa da Turanci, Zakaria ya juye da Hausa, har ma ya ƙara gishiri. Cocin nan shi ne uwarsa shi ne ubansa, bayan shi ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

To, sai Fasto ya shirya babban wa'azi a wani filin makaranta a Maamobi, ya ce yana son ƙaton zane a kan yadi, wanda za a kafa a bayan mumbari. A sama a yi liyafa, dogon tebur da waɗanda suka tsira. A ƙasa a yi wuta da waɗanda suka halaka. Ya ce ba ya son irin wanda ake bugawa da inji a Circle, can cikin gari, don duk Turawa ne a ciki, yana son mutanen Zango su ga masu kama da su. Bawan Allah, ya manta da wa yake magana.

Sama ba ta ba Zakaria wahala ba. 'Yan coci suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zama a bencina, kowa ya ci ado, matan har da gashin kanti. Ya kuma zana wutar, ja jawur, in ka tsaya kusa sai ka ji kamar za ta lashe ka. Ya sayo jan fenti gwangwani-gwangwani don ita. Wuta ta yi kyau, amma ba kowa a ciki.

Wata safiya ya dubi masu cin waakye ya ce, "Jama'a, wa zai taimaka ya zauna mini na sa shi a wuta? Zane ne kawai, ba ya zafi."

Wani ya ce a'uzubillahi, ya ja kwanonsa ya koma can gefe. Amma da aka gane ana iya ba da sunan wani, sai wuri ya kaure. Wannan ya ce mai gidan hayarsa. Wancan ya ce yaron motar da ya zage shi jiya a Circle. Wata ta ce surukarta, kuma za ta kawo hoto kafin azahar. Wahab ya ce a sa shi Zakarian da kansa, ai alhakinsa bai gama fita ba. Ban taɓa ganin mutanen Zango sun haɗa kai da sauri haka ba, ko a wajen rabon naman suna.

Ni kuwa na bari sai da suka watse, na ce masa, "Me kake wahalar da kanka? Ka sa Moro mana. Fuskarshi ka san shi kamar yunwan cikinka, ba sai ya zauna ba."

Na faɗa, kuma har yau ban janye ba. Mutumin da zai fitar da ƙaninsa da katifa a ka, kwana uku ba a yi da binne uwarsu ba, ni ban ga abin tausayi a jikinsa ba. Ga shi kuma a wajensa nake sayen wele, fatar saniyar da ake babbakawa a dafa a miya, kullum sai ya zaɓo mini mai tauri.

Zakaria ya yi murmushin mugunta, ya ɗauki fensir. Ya fara da goshi, ya sauko hanci, ya zo baki. Ina juya miya ina leƙe. Da ya zo kan wushirya sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon kwalin, har ƙuda suka samu sakewa a kan kwanonsa.

"Yaya Alima," ya ce, "wannan ba Moro ba ne. Mma ne."

Na leƙa sosai. Gaskiyarsa. Goshin nata ne, wushiryar tata ce, Moro duk ya kwashe kamanninta, halin ne kawai ya bari.

"Kin tuna Mma ba ya cin abinci sai yaranshi duka sun shigo?"

Yaya zan manta? Duk layinmu an san ta da wannan. Sai ta gama tuwo, ta zuba wa kowa, ta rufe nata, ta ɗora hannu a kan murfin ta zauna tana kallon ƙofa. Ko wa ya rage a waje, ko me ya yi, ba ta buɗewa. Lokacin da Moro ya yi faɗa da babansu ya gudu Kumasi, matar nan ta rame har sai da aka je aka kamo shi. Bayan Zakaria ya shiga coci ya fara jin nauyin cin abinci a gida, ni take ba kwano in kai masa, kuma ba ta taɓa nata sai na dawo na ce ya ci.

Sai kawai Zakaria ya zabura ya miƙe, benci ya ɗaga, saura kaɗan wani tsoho ya kife.

"Yaya Alima! Mma mutum ne fa, ɗan Adam! In Mma ba zai iya ci ba yaronshi ɗaya na waje, Allah ne zai zauna a tebur ya ci, yaranshi na cikin wuta har abada?"

"Kai, gyara bakinka," na ce. "Allah ba ya ci, ba ya sha."

"To na ji! Amma kin gane ai! Ei, kin gane!"

Ya shiga zagaya rumfa yana magana kamar an kunna rediyo. Ya ce tun a zamanin da can, akwai Kiristocin da suka ce a ƙarshen ƙarshe Almasihu zai dawo da kowa gida, ba zai bar ko mutum ɗaya ba. Ya ce ya taɓa jin maganar, Fasto ya gargaɗe su a kanta, shi ma ya ɗauke ta zancen malalata masu gudun tuba. Yau ne ta shige shi. Ban fahimci rabin abin da yake faɗi ba, amma na ga idonsa, rabon da in gan shi haka tun muna yara ranar hawan Sallah.

Kafin in ce wani abu ya tsoma buroshi a farin fenti ya bi ta kan wutar nan. Na dafe ƙirji. Aikin da ya sha wuya a kansa, ya shafe shi tas, ya jawo teburin liyafa ya lanƙwaso shi ya sauko har ƙasan yadin.

Daga nan fa Zakaria ya zama abin kallo. Yana fenti yana waƙa, yana rawa da gwangwani a hannu. Duk kwalayen da ya tara shekara da shekaru ya zazzage su, duk wanda ya taɓa cin waakye a wurina ya hau tebur. Mai gidan haya ya hau. Yaron mota ya hau. Surukar matar nan ta hau, an ba ta cinyar kaza. Wahab ya hau, ba bokiti. Jan fentin da aka sayo don wuta kuwa ya ƙare a miya da shito, yajin nan namu mai mai, ragowar ya yi mini ɗankwali da shi. Ni ce a tsaye ina rabon abinci, kuma ya rage mini ƙiba, Allah ya yi masa albarka.

Na ce masa, "Ni Musulma ce fa. Wa ya ce maka ina son shiga Aljannarku?"

"Ba tamu ba ne," ya ce. "Mai gida ɗaya ne. Tsaya daidai, kina motsa kunne."

Murna ta hana shi tunanin Fasto. Ni ce nake tunanin, har ranar da na hango dogon mutumin nan yana tsallako kwata da jakarsa a hammata.

Fasto Abugri ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya shiga rumfa. Yadin ya fi ƙarfin rumfar, a naɗe yake rabi da rabi, sai Zakaria ya riƙa warware masa yana nuna masa mutane da suna, bakinsa har kunne. Fasto ya kalla har ƙarshe. Sannan ya tambaya, da Hausarsa ta mutanen Bawku, "Ina wutan?"

Zakaria ya kwashe labarin Mma Hawa ya faɗa masa, da kwano da murfi da komai. Na rage wutar murhuna don in ji da kyau.

"Mamanka mutumin kirki ne," in ji Fasto. "Amma ba a kan mamanka aka rubuta Littafi ba. Gargaɗi na ciki, Zakaria, kai da bakinka ka sha juya shi da Hausa. In babu halaka, daga me aka cece mu? Ranar taro in na hau mumbari me zan ce? Ku tuba, in kuma ba ku tuba ba, ba komai?"

"Ka ce musu abinci ya nuna, Fasto! Ba shi ne bishara ba? Labari mai daɗi! Ka ce an gama, an zuba, an sa sunan kowa. Wanda ya ji ya shigo yanzu ya ci da zafi, ya daina kwana a waje da yunwa. Ni aikina in kira."

"Wanda ya ƙi shigowa fa?"

"Ana jiranshi."

"Wanda ya kashe mutum? Wanda ya lalata yarinya ƙarama, ya mutu yana dariya? Shi ma a ba shi cinyar kaza?"

A nan na ce a raina Fasto ya kama shi. Karo na farko ke nan da na goyi bayan Fasto a kan wani abu, don mu ma a wajenmu akwai hisabi, kuma ni akwai mutanen da nake jiran in ga an yi musu.

Zakaria bai ja da baya ba. "Ban ce babu wuta ba. Je ka ga yadda Yaya Moro ke babbaka fata. Wuta na ci, yana ƙauri, ba daɗi koraa, ko kaɗan. Amma gashi da datti yake ci. In an kankare, abin da ya rage fari tas. Ba wanda ke hura wuta don ya ƙone naman ya zubar."

"Wannan tunaninka ne."

"Eh, tunanina ne."

Fasto ya zauna a kan wani gwangwanin fenti, ya cire tabarau ya murza ido. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, sai da na matso.

"Babana mai tsafi ne. Na bar gidanshi saboda wannan hanya. Ya mutu bai yi mini magana ba. Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan shi ne, na ce wutan da na guda gaskiya ne, ya kai a rasa uba saboda shi. Yanzu kai kana ce mini ko na zauna ko na tafi, duk tebur ɗaya za mu. To don me na bar tsoho ya mutu da fushi? Kai ma don me ka kwana a cikin kujeru?"

Ban taɓa kallon mutumin nan a matsayin ɗan wani ba, kullum Fasto nake gani.

"Ni ba tsoron wuta ya kai ni ba," Zakaria ya ce a hankali. "Son Shi na yi." Sai kuma zumuɗin nan nasa ya dawo masa. "Fasto, kana da hoton Baba? Kawo shi! Akwai wuri nan kusa da taga, wallahi akwai wuri!"

Fasto ya dube shi, ya dubi wurin da yake nunawa. Ya daɗe yana duban wurin. Sannan ya mayar da tabaransa ya miƙe.

"Ba kai ke da tebur ba, Zakaria, ba ni ba ne kuma. Ba zan tsaya gaban mutane in yi musu alkawarin da ban tabbata an ba ni ba. Ka mayar da wutan kafin taro. In ba ka mayar ba, ba za ka riƙe makirfo ba, kuma za ka zauna a gida sai dattawa sun zauna a kan maganarka."

Ya yi mini sallama ya tafi. Ba da faɗa ya yi ba, kuma da ya yi faɗa da abin ya fi sauƙi.

Na shiga rumfar da ludayi a hannu. "Kai wane irin taurin kai ne da kai? An kore ka a gida ɗaya, yanzu kana neman a kore ka a na biyu? Ka zana musu wutansu mana! Ka sa Turawa a ciki, wa ya san su?"

"Turawa ma yaran wani ne," ya ce. Na koma kan tukunyata ina masifa ni kaɗai.

Bai mayar ba. Fasto ya aika Circle aka bugo masa nasa da inji. Ranar taro da hantsi Zakaria ya ce fenti bai gama bushewa ba, rumfa kuma ta yi kaɗan, ya roƙi masu aski suka taya shi, aka baje yadin nan a jikin dogon bangon da ke bayan rumfunanmu, fuskarsa na kallon titi.

Wayyo, zo ka ga Nima! Wata mai tallan lemo ce ta fara tsayawa, ta ƙwalla ihu, "Ga ni! Ga ni can!" Kafin ka ce me, titi ya cika. Masu trotro suna taka birki fasinja na leƙe ta taga. Kowa na neman kansa, in ya samu ya nemi maƙwabcinsa, in ya samu maƙiyinsa ya riƙe baki. Matar nan ta ga surukarta da cinyar kaza ta ce ba ta yarda ba, a sauya mata da wuya. Wahab ya kira matarsa a waya ya ce ta bar komai ta zo. Samari sai ɗaukar hoto suke da kansu a gefen kansu. Malam Gafaru, limamin masallacin layinmu, ya ce hoto ba abin so ba ne, kuma ba Zakaria ke rabon Aljanna ba, gaskiyarsa kuwa. Amma bai tafi ba sai da ya gyara tabarau ya gano kansa, ya ce an rage masa gemu. Waakye na ya ƙare tun kafin azahar, har ƙanzo aka saye.

Zakaria yana tsakiya yana amsa tambayoyi, yana dariya, gumi na zuba. Amma ni da na san shi na ga yana yawan waiwayar hanyar Maamobi.

Bayan la'asar sai hayaniya ta fara mutuwa daga can baya, mutane suna darewa. Moro ne. Wani ɗan gulma ya kai masa labari har mahauta cewa ƙaninsa ya manna uwarsu a bango a bakin titi. Ya taho da rigar aikinsa duk jini, wuƙa a soke a ƙugu. Wannan karon bai tsallaka titi ba. Na ce shi ke nan, yau yadin nan zai zama tsumma, Allah ya sa a kansa kaɗai abin zai tsaya.

Bai kalli Zakaria ba. Ya fara daga farkon tebur yana bi a hankali, fuska bayan fuska, har ya iso tsakiya ya tsaya. Nan Mma Hawa take, da mayafinta ruwan toka wanda duk muka sani. Moro na zaune a damanta, an yi masa wanka da farar riga, kwanonsa cike. Kowa a teburin nan ci yake, wasu baki cike, wasu na miƙa hannu. Ita kaɗai ce kwanonta a rufe, hannunta a kan murfi, idonta na kan ƙofa. A hagunta akwai kujera ba kowa.

Ni kaina sai a lokacin na lura. Kullum ina kallon yadin, ɗankwalina nake kallo.

Moro ya yi magana bai juyo ba. "Me ya sa Mma bai ci?"

Sai ya juyo, ya dubi ƙaninsa ido cikin ido, karo na farko tun ranar katifa. "Da kai nake."

"Yana jira, Yaya."

"Wa yake jira? Ga ni nan. Ga Wahab, ga kowa da kowa, har wanda bai kamata ba." Ya sake bin yadin da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "Kai ina kake?"

Zakaria ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa zama na kalli fuskana ba. Kuma ban sani ba ko za ka yarda in zauna a nan."

Daidai nan lasifikar filin Maamobi ta tashi, iska ta kawo mana ita sarai. Muryar Fasto, sai ta wani sabon tafinta yana tuntuɓe da Hausa. Na ga kafaɗar Zakaria ta faɗi. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kowa, da Fasto, da Moro, da ni da na kawo shawarar tun farko.

Moro ya yi tsaki. "Ni ban yarda da addininka ba. Wannan tebur naka ma ban yarda da shi ba, Allah kaɗai ya san wa zai shiga. Amma ba za ka bar Mma da yunwa a bakin titi mutane na kallo ba."

Ya ratsa jama'a ya shiga shagon masu aski, ya ciro madubinsu daga ƙusa bai tambayi kowa ba. Ya dawo ya tsaya a gaban Zakaria, ya riƙe shi da hannu biyu a ƙirjinsa, a kan rigar nan mai jini.

"Ɗauki abin aikinka."

Zakaria ya ɗauki buroshi. Lasifika ta sake tashi, ya waiwaya wajen Maamobi.

"Nan za ka kalla," in ji Moro.

Ya kalla. Titin Nima guda ya yi shiru, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Ya fara da goshi, ya sauko hanci. Da ya zo baki sai ya buɗe haƙora don ya gani, ga wushirya, irin ta mai riƙe da madubin. Wata tsohuwa a bayana ta fashe da kuka, ni kuwa na ce hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido, alhali murhun ya daɗe da mutuwa.

Da fuskar ta zauna a kujerarta, Moro ya sauke madubi ya duba, ya ce kunnen ya yi girma amma ba laifi. Ya nuna kwanon da haɓa.

"Saura ka cire hannunshi daga kan murfin. In ka gama ka wanke naka, matana Mardiya ya yi tuwo, kuma ba zan ce mishi ya ajiye maka ba. Da ƙafanka za ka zo."